Kwamanda a Cikin Duro

Kafin ku je shagon aski a ba ku labarin nan da gishirin da ya wuce kima, gara ku ji shi daga bakin wanda aka zalunta. Ni ne. Kuma ku riƙe abu ɗaya tun daga farko: ni na ci gardamar. Duk wanda ya ce muku ba haka ba, ku duba haɓarsa, za ku ga babu gemu.

Ina ɗan firamare kawuna direban bas ya dawo daga wata doguwar tafiya, ya miƙo mini littafin da wani fasinja ya manta a ƙarƙashin kujera. A lokacin duk yaran layinmu sun haukace a kan wani fim na jiragen sararin sama, Dakarun Bayan Wata, wanda ake fitarwa kashi-kashi. Littafin nan kuwa labarin kashi na biyu ne aka mayar rubutu. Babanmu ba ya barin mu zuwa gidan kallo, don haka kowa ya ga fim, ni kaɗai na ga littafi. Ban taɓa jin an fi ni ba. Su sun kalla ne kawai, ni na yi nazari.

A bangon littafin akwai wani mutum zaune cikin wani ƙarfe mai kama da duro, yana leƙowa ta taga, taurari na wucewa a bayansa. Gashin bakinsa ya lanƙwashe sama hagu da dama kamar ƙugiyar rataye kaya. Ba sai an faɗa maka ba, kana gani ka san Kwamanda ne. Shafuka biyu na tsakiyar littafin sun manne tun ranar da nake karatu ina lasar madarar gwangwani, amma ban damu ba. Mai basira ba ya buƙatar kowane shafi.

Kullum da yamma nakan hau kan tankin ruwan gidanmu in ba yara labarin wurin da na fi so. Jirgi ya kama da wuta. Abokan gaba sun kewaye shi. Sai mutumin ya faɗa cikin duron ƙarfe, aka harbo shi waje, ya keta duhu, ya dira a kan wata jar duniya, ya ɗaga murfi ya fito a tsaye yana murza gashin baki. Daga nan aka fara kirana Kwamanda. Yaro ɗaya ne kawai yake tsayawa a baya yana cewa, "Ƙarya ne, babu wannan a fim." Yaron nan yanzu shi ne mai walda na layinmu, muna ce masa Tartsatsi, kuma har yau bakinsa bai daina fesa wuta ba.

Littafin ya ɓace tun ban gama firamare ba. Sunan bai ɓace ba. Da gashi ya fara tsiro mini a ƙarƙashin hanci na ɗauke shi aikin yi. Shekara da shekaru ina shafa masa mai, ina murzawa, ina kwana a rigingine don kada ya karye. Mutane suna kawo mini gyaran fanka da firij daga nesa, kuma na san rabinsu kallon fuskata suke zuwa yi.

To, kwanakin baya aka fitar da sabon kashi na fim ɗin. Mai aski ya sayi babbar talabijin, ya ce zai saka duk tsofaffin tun daga farko. Ranar kashi na biyu na yi wanka, na sa turare, na zauna a gaba. Karon farko ke nan da zan ga abin da na riga na sani.

Kwamandan fim ya fito. Fuskarsa sumul kamar bayan faranti.

"Wannan mataimakinsa ne," na ce.

"Sun kira shi Kwamanda yanzun nan," in ji Tartsatsi.

"Yana riƙon ƙwarya ne. Ku jira."

Muka jira. Jirgi ya kama da wuta, aka kashe wutar. Aka yi ta harbe-harbe. Fim ya ƙare, sunaye suka fara hawa. Babu duro, babu jar duniya, babu ko silin gashin baki. Duk idanun da ke shagon suka dawo kaina.

"Ranka ya daɗe, Kwamanda," Tartsatsi ya ce yana shafa gemunsa, "ko mu ma mu jira a hau da sunanka?"

"Sun yanke wurin. Masu fim haka suke, in abu ya fi ƙarfinsu sai su yanke. A littafi yana nan."

"Ina littafin?"

"Ya ɓace."

"Allah sarki. Tare da duron ya tashi?"

Mai aski, wanda ba ya son rigima sai in zai samu abin askewa a ciki, ya ɗaga hannu. Ya ce hukunci mai sauƙi ne. Ko in kawo littafi a ga wurin, ko in nuna musu da idonsu cewa mutum zai iya shiga duro, a harba shi, ya fito a tsaye yana murza baki. In na kasa duka biyun, gashin bakina nasa ne. In na ci ko da ɗaya, gemun Tartsatsi nasa ne.

Da na tsaya a nan da yanzu ina zaune lafiya. Amma jini ya hau mini kai. Na miƙe na ce, "Ku shaida, na ƙara sharaɗi. Wanda ya ci, aska ba ta sake hawa nasa har ƙarshen rayuwarsa. Ya zauna a fuskarsa ya zama darasi ga masu musu." Kowa ya ce ya shaida. Har wani da ake yi wa aski ya juyo ya shaida, aka zabge masa gefen kai.

Shirina ba shi da wahala. Shagona yana saman gangaren layinmu, shagon aski yana tsakiya, shagon ɗinkin Yayata yana can ƙasa inda layin ya ƙare. Duro a kan tayoyi, fanka a baya a matsayin inji, hayaƙi don kwarjini, sai igiya da za ta tsayar da ni daidai ƙofar mai aski. Duk wanda ya san kimiyya zai ce muku babu kuskure a ciki.

Matsalar farko duro. Babban shuɗin duron roba ɗaya ne a gidanmu, kuma na uwargida ne. Malamar makaranta ce, irin waɗanda ko sannu suka ce maka sai ka ji kamar ka manta aikin gida. Na jira ta fita, na juye ruwan a bokitai da tukwane, abin da ya rage na zuba wa furanninta har suka kwanta. Ta dawo ta tarar da ruwa a cikin kowane abu mai baki a gidan, har da butar shayi.

"Baban yara, ina durona?"

"Ya tafi aikin ƙasa."

"Wace ƙasa?"

"Sama, in an bi ta gaskiya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To. Ranar tashin ka faɗa mini, in zo in karɓi abin da ya rage. Duron nake nufi."

Matsala ta biyu ita ce wanda ya ƙera duron bai yi lissafi da cikar mutum ba. Na rufe shago na gwada shiga. Ƙafafu suka shiga, ƙugu ya shiga, da aka zo kan tumbi sai tafiya ta tsaya. Na ce bari in fito. Nan ma ta tsaya. Na yi ta mutsu-mutsu har duron ya faɗi da ni, muka mirgina muka bugi kantar fankoki, suka zubo mini ɗaya bayan ɗaya kamar suna gaisuwa. Mai sayar da kayan miya ta maƙwabta ce ta ji ƙarar ta leƙo.

"Innalillahi! Kwamanda, duro ya haɗiye ka?"

"Gwaji nake, Baba. Ki rufe ƙofa."

Ba ta rufe ba. Ta fita ta kira mutane. Aka kawo man girki aka tsiyaya mini ta wuya, mutum biyu suka riƙe duro, Tartsatsi ya kama hannuwana ya taka bango yana ja. Na fito da wata irin ƙara kamar an buɗe kwalba.

"Ka dira lafiya?" ya tambaya. "Jar duniya ce nan ko sai an ƙara gaba?"

Na faɗa masa cewa duk manyan ƙere-ƙere da gwaji suke farawa. Na yanke bakin duron na faɗaɗa shi, na huda taga, na ɗaure shi a kan tayoyin da nake tura firij da su. Na ɗaura babbar fanka a baya na haɗa ta da batirin mota. Da na kunna, duron bai motsa ba, amma shanyar gidan da ke bayan shagona ta tashi gaba ɗaya. Sai da na yi yammaci guda ina bin bishiyoyi da sanda ina sauko da kayan mutane, matar gidan tana biye da ni tana faɗa mini wanda ba nata ba kada in taɓa.

Kaya kuwa wajen Yaya na je. Ita ta goya ni, don haka har yau ba ta yarda na girma ba. Na kai mata irin shimfiɗar nan mai ƙyalli da ake sawa a gilashin mota don tare rana, na ce ta ɗinka mini riga da wando. Ta zauna a gaban tsohon kekenta, wanda ƙafarsa ɗaya gajera ce tun muna yara, an tokare ta da wani abu naɗe cikin tsumma.

"Auta, kana da jika a hanya fa."

"Shi ya sa nake so ya tarar da suna mai kyau."

"Ɗaga hannu in auna. Wai wannan cikin duk naka ne, ko da fasinja za ka tafi?"

Ranar tashi layinmu ya cika har kan katangu. Mai aski ya fito da kujerarsa waje, ya jera aska da tawul a kan tebur yana wasa su a gabana. Tartsatsi ya taje gemu. Uwargida ta zo da lema ta tsaya a inuwa kamar mai jiran bas. Na fito cikin rigar ƙyalli, kaina cikin ragar fanka a matsayin hular kwano, gashin baki a tsaye ta tsakanin wayoyi. Rana ta bugi rigar, mutanen sahun gaba suka kare idanu. Kowane taku na yi sai kayan su yi ƙara kamar ana buɗe ledar biskit. Na ɗauki wannan a matsayin tafi.

Na ɗaure bakin igiya ɗaya a duro, ɗayan a jikin ƙarfen allon shagona. Na rungumi tukunyar kashe gobara, wadda zan fesa ta taga ta ba da hayaƙi. Na yi ɗan jawabi a kan masu musu da makomarsu. Na shiga, na ja murfi, na buga sau biyu, aka cire dutsen da ya tare taya.

Farkon tafiyar ya yi daɗi, wannan ba wanda zai ƙwace mini. Na ji iska, na ji ihun yara, na ji a raina cewa ni ne mutumin bangon littafi. Na matsa tukunyar gobara. Sai dai a cikin matsatsi bakin tiyon ya juyo yana kallona. Duniya ta koma fara. Na yi tari, na lalubi taga, hannuna ya bugi wayar batir, fanka ta tashi da ƙarfinta duka. Fankar da ta ƙi tura ni a fili, a kan gangare sai ta tuna aikinta.

Na hango shagon aski ta cikin farin gari. Na ce yanzu igiya za ta kama. Ta kama kuwa. Na ji wani gum, sannan wata ƙarar ƙarfe, sannan muka ci gaba da tafiya. Allon shagona ne ya tumɓuke ya biyo ni, yana tsalle a kan titi da hotona a jiki, hoton da na sa aka zana da gashin bakin da ya fi na gaske tsawo. An ce na wuce mai aski kamar an kira ni gida da gaggawa. An ce allon ya kwashe teburin askar, ya ɗauki tiren tumatirin Baba mai kayan miya ya raba wa jama'a. Ni ban gani ba. Abin da na ji kawai muryar Tartsatsi ce tana raguwa a baya: "Kwamanda! Nan ne tashar! Ka wuce tashar!"

Layin ya ƙare a shagon Yaya. Allah ya sa ta fito kallo. Na shiga ta ƙofa ba sallama, na ratsa labule, na ɗauki wata rigar amarya da ke rataye, na yi karo da keken ɗinki. Keke ya tuntsure, duro ya kife, murfi ya tafi nasa wuri.

Na fito. Masu ƙiyayya suna cewa da rarrafe. Ni na ce saukowa ce ta dabara. Fari fat nake tun daga kai har ƙafa, ragar fanka ta koma gefe, mayafin amarya ya naɗe mini wuya, tumatir ɗaya zaune a kafaɗata. Na kai hannu zan murza gashin baki, sai atishawa ta riga ni.

Mai aski ya iso yana haki, askarsa a hannu. "Bai fito a tsaye ba," ya ce. "Kowa ya gani. A kawo kujera."

Har sun kama ni ta hammata sai Yaya, wadda ke ƙoƙarin ta da kekenta tana kiran sunayen da ba zan maimaita ba, ta ɗago abin da ke tokare da ƙafar. Tsumman ya warware. Wani littafi ya faɗo, ya lotsa a tsakiya inda ƙarfe ya danne shi shekara da shekaru. A bangonsa ga duro, ga taga, ga taurari, ga gashin baki.

"Yaya! Littafina!"

"Au, naka ne? Kaurinsa ne ya yi daidai."

Na fizge shi na ɗaga sama, gari na zuba daga hannuna. Na buɗe wurin, na miƙa wa uwargida, don kowa ya san ba ta ƙari ba ta ragi. Ta gyara tabarau ta karanta da muryar aji. An harbo duro. Ya keta duhu. Ya dira a jar duniya. Mutumin ya ɗaga murfi ya fito yana murza gashin baki. Kalma da kalma kamar yadda nake faɗa tun ina kan tanki.

Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Aka zaunar da Tartsatsi a kan kujerar ɗinki nan take. Mai aski ya shafa kumfa. Gemu ya fara zuba a kan ƙyallayen Yaya, ni kuwa ina zagaye shi ina tambaya ko yana jin iska.

Ana cikin haka uwargida ta ce, "Akwai shafuka biyu da suka manne a nan."

"Ba su da muhimmanci," na ce.

"Yaya, ara mini dutsen guga."

Wannan shi ne zaluncin. An riga an yanke hukunci, me ya kawo dutsen guga? Amma Yaya ta jona shi da saurin da ban taɓa ganin ta yi wa mai kawo ɗinki ba. Tururi ya tashi, madarar da na zubar ina yaro ta saki, shafuka suka rabu. Uwargida ta karanta a zuci tukuna. Na ga kafaɗunta suna rawa. Sannan ta ɗaga murya.

Ashe wutar da ta kama jirgin ba abokan gaba suka sa ta ba. Kukun jirgin ne ya bar mai a kan wuta ya tafi gaban madubi yana gyaran gashin baki. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ji Kwamanda yana nemansa, sai ya ruga ya ɓuya a cikin duron da ake zuba sharar kicin. Injin jirgin kuma ya harbar da sharar waje kamar yadda ya saba kullum.

"To murza bakin fa?" wani ya tambaya daga taga.

Uwargida ta duba. "Ɓawon dankali yake cirewa."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ana dariya ba. Na dai ga Baba mai kayan miya ta zauna a ƙasa tana buga cinya, ta manta da tumatirinta. Tartsatsi, rabin fuska kumfa rabi sumul, hawaye na bin kumatunsa, ya ɗago hannu ya sara mini.

"Ranka ya daɗe, Kuku."

Ku duba lamarin da adalci. Marubucin ne ya ɓoye sunan mutum a shafukan da kowa ya san madara za ta iya zuba a kai. Mai zanen bango ne ya bar Kwamanda ya zana kuku. Yaya ce ta danne hujjata da ƙafar keke. Ni me na yi, ban da ƙwazo?

Tartsatsi yanzu yana yawo da haɓa sumul, ya koma kamar saurayi, matarsa har aiko mini da godiya ta yi. Na saya wa uwargida sabon duro, na gyara ƙofar Yaya, allon shagona kuma wani mara tarbiyya ya zana wa hotona doguwar farar hula tun kafin in mayar da shi. Yara in sun gan ni sai su tambaya me aka dafa.

Shekaranjiya na bi ta shagon aski lokacin da babu kowa. Na zauna, na dubi madubi, na ce a ɗan rage mini gashin bakin nan, zafi ya yi yawa. Ba don komai ba, zafi kawai. Mai aski ya ɗauki almakashi, ya dube ni, ya mayar da shi aljihu.

"Haba, Kuku. Wanda ya ci, aska ba ta hawa nasa har ƙarshen rayuwarsa. Da bakinka ka faɗa, kuma duk mun shaida."

Na tashi na fita ina murza shi. A tsaye na fita kuwa, duk wanda ke layin ya gani.